Baba Sake, Ka Tafi Ba Ka Sa Hannu Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Farfesan da ke duba binciken 'yata a sashen injiniyan gine-gine na jami'a, wanda ɗalibansa ke kira Baba Sake a bayan idonsa. Kwana biyu kawai ya yi a asibiti. Ina tsugune a bayan ɗakin girki da rula a hannuna, zan auna ruwan baho, sai na ji Auta ta amsa waya a tsakar gida. Ta ce "na'am", ta sake cewa "na'am", daga nan ban ƙara jin muryarta ba. Da na leƙo na tarar da ita zaune a ƙasa, wayar a cinyarta.

Malam, ban taɓa rubuta ta'aziyya ba. Ina da shekara arba'in da bakwai na fara riƙe fensir a ajin manya, kuma har yau in na cika shafi guda sai yatsuna sun yi tsami. Malamarmu ta ce kowa ya rubuta abin da ke cikinsa yadda zai faɗa da baki. To, abin da ke cikina game da kai rabi kuka ne, rabi haushi, kuma haushin ya girmi kukan. Shekara uku da 'yan watanni ina jin haushinka, mutuwa ta zo ta same ni ban gama ba. Iyalanka su yi mini afuwa. Sun san ka fiye da ni, na tabbata za su gane.

Auta ce ƙaramar 'yata, kuma ita kaɗai ta yi jami'a a gidanmu. Ta gama digirin farko, ta samu aiki a wani kamfanin gine-gine, shekara huɗu tana fita da hular kwano da takalmi mai nauyi, leburori na ce mata Injiniya. Hankalina ya kwanta. Rana ɗaya ta dawo ta ce za ta ajiye aikin ta koma makaranta, digiri na biyu, wai na bincike. Na ce bincike kuma, me ya ɓace? Babanta ya yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba, domin na san wuyar da aka sha kafin aikin nan ya samu.

Na zaci shiga makaranta cike takarda ne a manna hoto. Ashe ƙofofi ne a jere, kowace da kwaɗonta. Sai mai digirin farko a fannin, kuma sakamakonsa ya kai daraja ta biyu ta sama. Na Auta ya gaza da ɗan kaɗan, aka ce shekarun da ta yi a bakin aiki za su cike gurbin in kamfanin ya rubuto shaida. Sai takardar makin kowane darasi tun daga shekarar farko, wadda ba a yarda ta ɗauko da hannunta ba, dole tsohuwar makarantarta ta aiko. Wata huɗu takardar nan tana hanya, har na fara tambaya ko da ƙafa take zuwa. Sai wasiƙa biyu daga manyan da suka san aikinta. Duk muka tsallake waɗannan. Ƙofa ta ƙarshe ita ce ta rubuta abin da take so ta bincika, a kuma samu malami guda da zai ce ya yarda ya ɗauke ta. A bakin wannan ƙofa muka haɗu da kai.

Sau huɗu ta kawo maka takardar, sau huɗu ka mayar mata da kalma ɗaya da jan biro a saman shafin farko: Sake. A lokacin ban daɗe da fara haɗa baƙi ba, kuma tana cikin kalmomin farko da na karanta ba tare da an taimake ni ba. Ban ji daɗin karatun ba. Yarinya ta rame, ta ajiye aiki, makaranta ba ta samu ba, ga ta a tsakiya kamar wadda kwalekwale ya sauke a tsibiri.

Na yafa mayafina na tafi ofishinka ba da sanin kowa ba. Na hau bene hawa uku ina haki. Na tarar da ɗaki cike da littattafai har rufi, fanka ba ta juyawa, a kan kowane tarin takardu ka ɗora gutsuren kankare mai kwanan wata a jikinsa don kada iska ta ɗauke. Ka miƙe, ka kwashe takardun da ke kan kujera ka ba ni wuri. Ban tsaya dogon gaisuwa ba.

"Malam, in ba ka son yarinyar nan ka faɗa mata, ta koma aikinta tun ba a ba wani ba."

"Mama, wa ya ce ba na son ta? Waɗanda ba na so, sau ɗaya nake karanta nasu."

"To me ta yi maka?"

"Ta rubuto mini abin da take jin zai burge ni. Ni tambaya nake nema, irin wadda ke hana mutum cin abinci."

"Cin abincin ai ka riga ka hana ta."

Ka yi dariya har da tari. Ganin ka saki jiki, sai na yi maka tambayar da ke damuna tun farko: in ta gama wannan wahalar, me za ta zama? Manaja? Ka ce wataƙila. Ka ce wasu ɗalibanka suna koyarwa, wasu suna gwada kayan gada da na hanya kafin a yi aiki da su, wasu sun wuce digiri na uku. Sannan ka ce alkawari ɗaya za ka iya yi mini: za ta zama wadda in an ce mata gini zai tsaya, za ta ce a nuna mata. Na ce wannan ai da shi aka haife ta, tun tana goye ba ta yarda da maganata. Na sauko daga benen ban ƙaru da komai ba sai ciwon gwiwa.

A daminar nan katangar maƙwabcinmu ta zube. Allah Ya kiyaye ba kowa a wurin. Auta ta je ta ɗauki bulo ɗaya, ta murje shi da yatsa ya zama gari. Kwana uku tana yawo da garin a leda. Daga nan ta zauna ta rubuta tambayarta: shin mai ƙaramin ƙarfi zai iya rage siminti, ya cike da tokar buntun shinkafa, ya yi aiki da ruwan rijiyar gidansa, kuma ya samu kankaren da zai riƙe gini? Takarda ta biyar ta dawo da kalma ɗaya ita ma. Ka rubuta: To.

Ni a sanina makaranta aji ne da allo da jarrabawa. Wannan kuwa, bayan 'yan watannin farko babu aji, babu allo. Injiniyar da leburori ke gaisarwa ta koma tsakar gida tana tankaɗe toka da rariyata. Ta zuba dunƙulen kankare guda casa'in, masu kusurwa huɗu, kowanne zai cika tafin hannu biyu. Ka ce tunda binciken na gidajen mutane ne, a gida za a jiƙa su da ruwan rijiyarmu. Aka kwashe bahunan wankina guda uku. Na farko na marasa toka, na biyu na masu toka kaɗan, na uku na masu toka da yawa. Da na tambayi ƙarshen abin, aka ce za a riƙa ɗiba ana kaiwa wani inji a jami'a yana murƙushe su, a ga nauyin da za su iya ɗauka kafin su fashe: wasu a kwana bakwai, wasu a kwana ashirin da takwas, wasu a wata uku, wasu a wata shida, na ƙarshe sai sun shekara. A sha wahala a yi abu, a yi renonsa, sannan a kai shi a fasa. Na ce wa babanta wannan malamin ko dai gwani ne ko kuwa yana bukatar addu'a.

Yanzu na zo wurin da ya fi mini wuyar faɗa, amma zan rubuta, domin kai ka hana ni tsallake abin da ba na so.

Ni na tashi na san duk abin da aka bari a ruwa lalacewa yake yi. Hatsi ya tsira, zane ya ruɓe, itace ya yi taushi. Tubali kuwa sai ya sha rana yake ƙarfi, na ga haka da idona tun ina yarinya. Dunƙulen bahon nan na uku baƙaƙe ne, sun yi mini kama da marasa lafiya. Na ji tausayinsu, na ji tausayin 'yata da ta ɗora rayuwarta a kansu. Bayan an fasa na kwana bakwai, sai na fara taimaka musu. Da zarar Auta ta fita, in tsamo su ɗaya bayan ɗaya in jera a kan bencin katako su sha rana, kafin ta dawo in mayar. Wallahi da zuciya ɗaya na yi. Har daɗi nake ji in na taɓa su da ɗumi.

Ranar da suka cika kwana ashirin da takwas, na bahon uku suka fashe tun injin bai yi nisa ba. Auta ta dawo ta shige ɗaki. Kwamitin malaman da ke duba ci gaban ɗalibai suka ce ko dai ta yi sakaci wajen kwaɓi, ko kuwa tambayar tata ba ta da amfani, kuma suna tunanin sallamarta. Kwana tara ina kallonta tana maimaita lissafi, tana zargin hannunta, tana zargin ma'auninta. Tun daga ranar da aka fasa su jikina ya ba ni cewa ni ce, amma bakina ya ƙi buɗewa.

Ranar Asabar da safe sai ga ka a ƙofar gida. Ka duba bahunan, ka sa hannu a ruwan, ka leƙa rijiya. Sannan ka tsaya a gaban bencin, inda jiƙaƙƙen kankare ya bar tabo mai kusurwa huɗu a jere, layi biyu. Ka daɗe kana kallo. Ka aiki Auta ta ɗauko maka tef ɗin awo a mota, ka juyo gare ni. Ba ka ce ke ce ko ba ke ba ce.

"Mama, ƙarfe nawa kike fito da su?"

"Goma."

"Ki mayar?"

"Kafin la'asar."

"Kwana nawa?"

"Sha huɗu. Ban da ranakun da take gida."

Ka zaro biro kana rubutawa, fuskarka kamar wanda ya tsinci dami a kala. Ni ina jiran faɗa, kai kana tambayata ko rana na bugun bencin duk wuni. Da ka gama ka yi mini bayanin da har in mutu ba zan manta ba. Ka ce siminti ba laka ba ne. Laka bushewa take yi ta yi ƙarfi, shi kuwa sha yake yi. In aka raba shi da ruwa yana ƙarami, kamar an yaye jariri ne a wata biyu. Na ce to me ya hana a faɗa mini haka tun farko? Ka ce wannan laifinka ne. Na roƙe ka don Allah kada ka gaya mata. Ka ce ba za ka gaya mata ba, ni zan gaya mata. Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na gaya mata bayan ka tafi. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Mama, da kin tambaye ni." Mako guda gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

A gaban kwamiti ka ce kai ka ajiye gwaji a gidan mutane ba ka yi wa mutanen gidan bayani ba, don haka in akwai wanda za a sallama kai ne. Ba ka ambaci sunana ba. Aka ƙara mata lokaci. Na ce alhamdu lillahi, mutumin nan yana da kirki ashe. Ban rufe baki ba sai ga sharuɗɗanka. A sake komai daga farko, sababbin dunƙule casa'in, sabon ƙirgen shekara guda. Kuma sakamakon da ya lalace ba za a zubar ba, zai shiga kundin binciken, babi guda sukutum. Na aiko maka da roƙo a rufa mini asiri. Ka aiko da amsa cewa abin da na yi shi masu buga bulo ke yi kullum, su shanya a rana don su sayar da wuri, saboda haka na yi muku gwajin da ba ku yi tunaninsa ba. Daga baya har aka buga babin a mujallar injiniyoyi, da godiya a ƙasa ga "mai kula da baho". Tun daga ranar babanta yake kirana Farfesan Baho, har a gaban surukai.

Sharaɗi na uku a kaina ya faɗo. Ka aiko mini da littafi mai kauri, da rula, da ma'aunin zafi. Kowace safiya in rubuta kwanan wata, da zurfin ruwan da ke saman dunƙulen, da zafinsa. Ni da a lokacin nake fama da layi ɗaya. Ƙarshen kowane wata Auta ta kai maka littafin, ya dawo da jan biro. Wai bakwai ɗina ya yi kama da ɗaya. Wai ban bar tazara tsakanin lambobi ba. Sake. Ina da jikoki biyar, wani yana zagaye mini rubutu da ja. A shafin farko ka rubuta mini doka da manyan baƙaƙe don in iya karantawa: ranar da ba ki auna ba, ki rubuta ba ki auna ba, kada ki cike mini da na jiya. Na ce wannan ranar ba za ta zo ba. Shekara guda ban kwana a wani gida ba. Yayata ta yi rashin lafiya, in je in dawo a wuni ɗaya, tana ce mini duwatsu sun fi ta.

A wurin zaman makoki na ji abubuwa da yawa a kanka. Wani tsohon ɗalibinka ya ce an taɓa kiranka ka sa hannu a kan wani ginin makaranta mai hawa biyu, ka ɗauki guduma ka bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, ka ce ba za ka sa ba. Aka yi lallashi, aka yi barazana, aka daina kiranka aiki shekaru, amma sai da aka rushe ginshiƙan aka sake. Yau yara ɗari huɗu ke zama a ƙarƙashin wannan rufin. Wata ta ce lokacin da ta haihu a tsakiyar bincikenta, da kanka kake zuwa ɗakin gwaji kana karanta mata awo har ta yi arba'in, sannan da ta dawo ka mayar mata da babinta sau uku. Uwargidanka ta riƙe hannuna, idonta jawur, na ce mata Hajiya, mutumin nan ya wahalar da ni shekara uku. Ta ce, "Ke uku kika yi. Ni talatin da shida. Dokin ƙofar nan da kika tako, sau uku magini ya zuba shi." Muka yi dariya muna kuka, mata na kallonmu.

Amma akwai maganar da ban gaya mata ba. A ƙarshen Janairu kundin Auta ya kammala, saura jadawali ɗaya, na dunƙulen da za su cika shekara ranar talatin da ɗaya ga Maris. Lokacin da aka ƙara mata zai ƙare a ƙarshen Afrilu, babu wani ƙari bayansa. Wata ma'aikatar gwajin kayan gini ta ce za ta ɗauke ta in ta kawo shaidar gamawa. Ba a tura kundi ga malamin waje da zai jarraba ta sai da sa hannunka. Na sake hawa benen nan. Na tarar ka rame, wuyan rigarka ya yi maka yawa. Na ce Malam, sakamakon wata shida ya yi kyau, me zai canza? Ka sa hannu mana a tura, in na ƙarshen ya fito a liƙa.

"Mama, ba na sa hannu a kan abin da ban gani ba. Saura kwana sittin da 'yan kai."

"Kai ka san kana da kwana sittin ɗin?"

"Ban sani ba. Shi ya sa ba zan kashe su a kan ƙarya ba."

Haushi ne ya sa na faɗi abin da na faɗa. Na fita ban yi maka sallama ba, kuma ganina da kai na ƙarshe ke nan. Ka yafe mini. Sai dai ni ma ina da ƙorafi. Hajiya ta ce tun Disamba likita ya ce ka dawo a yi maka gwaji, kana ta cewa sai ka gama da ɗalibai. Kai da ba ka yarda da dutse sai an gwada shi, ka ƙi yarda a gwada ka. Kwana ya ƙare, na sani, babu mai ƙara wa wani ko daƙiƙa. Amma da ka je.

Bayan rasuwarka sashen ya miƙa Auta ga wata Dakta da ba ta daɗe da zuwa jami'ar ba. Mace ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana. Ta karanta kundin, ta karanta babina, sannan ta yi tambayar da kowa zai yi: ta yaya za ta san dunƙulen nan sun shekara a cikin ruwa, a gidan da aka taɓa tsamo su ana shanyawa? Ta ce ranar fasawa a zo mata da littafin awo. In ta gamsu za ta sa hannu, in ba ta gamsu ba, ba za ta sa ba. Na ce mun gudu ba mu tsira ba.

Da safen ranar na buɗe littafin ina dubawa, sai na isa goma sha ɗaya ga Maris. Kwanan wata na nan da rubutuna, gabansa fili. Na tuna na ajiye rular a bakin baho na ruga wurin Auta, daga nan muka wuce gidanka, ban koma ta kan ruwa ba sai washegari. Layi ɗaya a cikin shekara guda, kuma a hannun matar da ke neman dalilin shakka. Babanta ya leƙo ta kafaɗata.

"Haba Farfesan Baho, ruwa ne fa. Na jiya da na yau duk ɗaya. Cike mana, wa zai sani?"

Gaskiyarsa, babu mai sani. Ranar goma santimita biyar ne, ranar sha biyu ma biyar. Na ɗauki biro. Auta na tsaye a bakin ƙofa da jiƙaƙƙen buhu a hannunta, ba ta ce cike ba, ba ta ce bari ba. Shekara ukunta da aikinta suna kan wannan layin. Na ɗora bakin biron a takarda, na ji kamar kana tsaye a gaban bencin nan kana jira. Ko a kabari ba ka bar ni na huta ba. Na rubuta: Ban auna ba. Malam ya rasu.

Muka naɗe dunƙule goma sha takwas a jiƙaƙƙun buhuna muka kai. Ranar na fara shiga ɗakin gwajin. Dattijon da ke kula da injin, wanda ya yi shekara ashirin yana aiki da kai, ya goge kowanne da tsumma kafin ya ɗora, kamar mai shirya yaro zuwa makaranta. Injin ya yi ta gurnani, lambobi na hawa, ni ina riƙe da gefen tebur. Masu toka kaɗan suka kamo marasa toka, har suka ɗan wuce su. Na bahon uku, waɗanda na ji tausayi, sun sha ruwansu shekara cur amma ba su kai ba. Auta ta rubuta haka yadda yake, ko gezau.

Dakta ta karɓi littafina a tsaye. Ta bi shi shafi shafi, tana ganin jan bironka yana raguwa daga wata zuwa wata. Da ta zo goma sha ɗaya ga Maris ta tsaya.

"Mama, wa ya koya miki wannan?"

"Mai jan biron."

"Littafin da babu gurbi ko ɗaya a cikinsa shi nake tsoro," in ji ta.

Ta rufe, ta ce a miƙo mata kundin. A shafin sa hannu sunanka na nan a buge, da layi a samansa. Ba ta goge ba. Ta ja wani layin a ƙasa ta sa nata hannun, ta bar naka fili. An tura kundin, an sa wa Auta ranar da za ta tsaya ta kare shi kafin wa'adin ya cika.

Na dawo gida na wanke bahunana uku, na jiƙa wanki a ciki karon farko cikin shekara biyu. Ban gama murna ba Auta ta zo ta tsaya a kaina tana kallon na ukun. Wai har yanzu ba ta gane abin da ya hana masu toka da yawa ƙarfi ba, kuma Dakta ta ce wannan tambaya ce ta digiri na uku. Ta fara rage cin abinci. Ka ga abin da ka bar mini, Malam. Ka yi alkawari ɗaya, kuma ka cika shi fiye da yadda na roƙa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya uwargidanka, da 'ya'yanka da jikokinka, da dattijon ɗakin gwaji da na ga yana share ido da tsumman aikinsa, da duk ɗaliban da suka taɓa cin jan bironka. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya tsaya muku a inda Malam ya saba tsayawa. Kai kuma Malam, Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya sanyaya shi. Allah Ya sa kowane rufin da bai faɗo a kan bayinsa ba saboda taurin kanka ya zama nauyi a mizaninka. Ni na yafe maka benen nan hawa uku, da bahunana, da bakwai ɗina. Ranar da za a buɗe naka littafin, Allah Ya sa a karɓa tun a karon farko, kada a ce maka sake. Amin.

Mahaifiyar Auta, mai kula da baho.